Kwana huɗu a ƙarƙashin ƙasar Landan

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya irin mu, ya san Landan tun kafin ya san hanyar Kaduna. Ni dai a gidan kallon unguwar mu na fara ganin ta, a kan benci, cikin zafi da warin gumi. A nan na ga Amrish Puri, wanda mu ke kira Mugambo, ya na watsa wa tantabaru hatsi a dandalin Trafalgar a farkon fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. A nan na ga Sharukhan ya miƙa wa Kajol hannu ya jawo ta cikin jirgin ƙasa. Da Kabhi Khushi Kabhie Gham ya fito a 2001 kuwa, mu ka ga gidajen da falon su kaɗai ya isa a buga ƙwallo a ciki. Abin da ba mu taɓa tambayar kan mu ba shi ne, shin talakan da ya je garin nan, a ina ya ke kwana?

To, mai karatu, ni na samo amsar a watan Disamba na 2023, kuma saura ƙiris ta raba ni da amini na.

Ƙane na, autan mu, shi ne ya gama digiri na biyu a can. Mahaifin mu ya rasu, Hajiya kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, don haka aka ce ni zan wakilci gida a bikin yaye su. Abin alfahari ne, amma aljihu bai san alfahari ba. Biza kaɗai fam 115 ce a lokacin, ga tikiti, ga shi kuma a Wapa fam ɗaya ya na neman naira 1,500. Na tattara abin da na ke da shi, bai kai ba. Sai na je wurin amini na, wanda mu ka taso tare tun makarantar allo, ya na da ɗan shagon kayan waya. Na faɗa masa gaskiyar halin da na ke ciki. Bai ce komai ba, ya ɗauki waya ya turo mani naira 600,000, kuɗin da ya ke tarawa na hayar shago, a kan zan biya shi kafin watan Maris.

Auta ya riga ya gaya mani ba zan iya sauka a wurin sa ba. Ɗaki ɗaya gare shi a gidan haya can bayan gari, kuma mai gidan bai yarda baƙo ya kwana ba. Sai mu ka shiga intanet neman otal mai araha. Mu ka samu wani kusa da tashar King's Cross, fam 68 duk dare har da karin kumallo. Kwana huɗu fam 272 kenan. Da na buga lissafi na ga abin ya haura naira 400,000, wato fiye da albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci, tunda a lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Kuma wai wannan shi ne na talakawa! A hoto dai ɗakin ya yi kyau, ga farin zanen gado, ga fitila. Akwai wasu kalmomi biyu na Turanci a ƙarƙashin hoton da ban tsaya na karanta ba. Daga baya na san ma'anar su: ɗakin da ke ƙasa da titi.

Ta Addis Ababa mu ka bi saboda ya fi sauƙin kuɗi, mu ka sauka a Heathrow da sassafe. Ban ko kalli tasi ba. Na sayi katin Oyster da tsabar kuɗi, domin a wancan lokacin katin bankin mu na naira ba ya aiki a waje, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly. Kusan awa guda ya kai ni King's Cross ba tare da canji ba. Ina fitowa sanyi ya mare ni. Ba irin hunturun Kano ba ne mai ƙura da bushewar leɓe, wannan jiƙaƙƙe ne, ya na bin ƙashi.

Otal ɗin ya na tsallaken titin Euston, cikin wani layi na tsofaffin gidajen tubali da su ka haura shekara 150, manne da juna kamar haƙora. Kusan kowane gida a layin otal ne, da ɗan allon sa a saman ƙofa. Na shiga da misalin ƙarfe tara da rabi. Wata matashiya a kanta ta duba suna na, ta ce ɗaki ba zai samu ba sai ƙarfe biyu, amma zan iya ajiye akwati. Ni da na kwana a zaune a jirgi! Haka na fito ina rangaji, ba wanka, ba barci.

A nan ne shaiɗan ya same ni. Ina tsallaka titi sai ga wani jan gini a gaba na, mai hasumiya da agogo, kai ka ce fadar sarki ce. Wannan shi ne katon otal ɗin da ke jikin tashar St Pancras, wanda aka buɗe a 1873, aka rufe a 1935, aka sake buɗewa a 2011 bayan gyara. Masu kallon Harry Potter sun san shi, ta gaban sa motar nan mai tashi sama ta wuce a kashi na biyu. Na roƙi wani mai wucewa ya ɗauke ni hoto. Na gyara hula, na tsaya daidai bakin ƙofar da manyan motoci ke sauke baƙi. Na ɗora a sitatus na WhatsApp, na rubuta: "Alhamdu lillahi, mun sauka lafiya."

Ban yi ƙarya ba, ko? Haka na riƙa gaya wa kai na. Da wani abokin aiki ya rubuto, "Alhaji, wannan masauki ai sai ku," ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Fuskar dariya kawai na tura masa.

Ƙarfe biyu na yi na koma. Aka ba ni makulli, aka nuna mani matakala. Na ɗaga kai sama, yarinyar ta ce a'a, ƙasa za ka yi. Na ja akwati na gangara wata siririyar matakala mai tsohon kafet, na buɗe ƙofa, ƙofar ta daki gado. Wallahi ba zuzutawa na ke ba. Idan na tsaya a tsakiya na buɗe hannuwa, saura kaɗan na taɓa bango biyu. Gado na mutum ɗaya, ɗan teburi, butar lantarki da kofi ɗaya da ganyen shayi biyu, talabijin kamar faranti a maƙale a sama. Tagar kuwa ta na can kusa da silin, ta na kallon wani rami mai shingen ƙarfe, ta bayan shingen kuma ƙafafun mutane ne ke wucewa. Takalma kawai ka ke gani, ba fuska. Ina cikin kallon ikon Allah sai na ji ƙasa ta na gurnani, kofin shayi ya na rawa a kan teburi. Ashe jirgi ne. Layuka shida na jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ke haɗuwa a King's Cross, ga ni kuma na zama maƙwabcin su.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma bari na yi wa wurin adalci. Zanen gado fes ya ke, tawul fes, ba sauro, ba kyankyaso, wuta ba ta ƙifta ko sau ɗaya ba. Soket ɗin ma irin na mu ne mai baki uku, caja ta ta shiga ba gardama, gadon da Turawan mulki su ka bar mana. Na sha kwana a otal a gida wanda ɗakin sa ya ninka wannan sau uku, amma sai ka yi faɗa kafin a kawo maka bokitin ruwa.

Banɗakin ne ya ba ni aiki. Girman sa bai wuce kwabar kaya ba, kuma babu buta, ba ma wanda ya san zancen ta. Na shanye ruwan roba na mayar da robar buta. Wurin wanke hannu kuma famfo biyu ne, kowanne da bakin sa, na hagu kamar a dafa ƙwai, na dama kamar ƙanƙara. Alwala ta zama wasan gudu: ka tari na sanyi, ka kai hannu ga na zafi, ka watsa a fuska kafin ka ƙone. Da na zo salla na duba alƙibla a waya, sai ta nuna kudu maso gabas, ba gabas ɗin da mu ka saba ba. Wurin shimfiɗa darduma kuwa sai da na ɗora akwati a kan gado. Ga ranar Disamba ba ta da tsawo. Azahar wajen sha biyu, la'asar kafin biyu, magariba kafin huɗu. Ka ɗan kishingiɗa kaɗan, ka farka salloli uku sun wuce ka.

Da daddare Auta ya zo bayan ya tashi daga aiki, mu ka haɗu a tasha, mu ka ci shinkafa a wani shagon halal, ya koma. Ban kai shi ɗakin ba. Na ce masa na gaji.

Da na koma na kunna waya, sai saƙonni su ka yi ta shigowa kamar ruwan Agusta. Wannan ya na son turare, wancan agogo. Ɗan yaya ta ya na son rigar Arsenal ta asali, wai ai ya duba, tasha uku ce kawai daga inda na ke zuwa filin su. Gaskiyar sa, tasha uku ce, sai dai rigar fam 80 ce, ta fi kuɗin kwana na. Gwaggo ta turo murya ta na sa albarka, ta ce ta nuna wa matan unguwa gidan da ɗan ta ya sauka. Duk wannan dariya na yi. Sai na zo kan saƙon amini na. Layi biyu ne:

"Mutumina, na ga masauki, Allah ya sanya alheri. Ashe da ka sani ba ka karɓi kuɗin hayar shago na ba."

Na karanta ya fi sau goma. Mutumin nan bai taɓa yi mani gori ba tun mu na yara. Na san abin da ke ran sa: na zo masa da fuskar tausayi, ya ɗauki abin da ya ke tattali ya ba ni, ni kuma na je ina fantamawa da shi a Turai. Na fara rubuta amsa na goge, na sake na goge. Ka san wani abu game da girman kai? Ya fi sauƙi a ce maka macuci da a ce maka matsiyaci. Na kashe wayar na kwanta, jirage su na ta wucewa ta ƙarƙashin haƙarƙari na har wajen ƙarfe ɗaya.

Da safe na shiga ɗakin cin abinci, wanda shi ma a ƙasa ya ke, ƙofa biyu daga tawa. Daga bakwai da rabi zuwa tara ake bayarwa, ka makara ka yi azumi. Biredi gasasshe, man shanu, shayi, waken gwangwani, ƙwai, sai naman alade iri biyu. Na tsaya ina kallon kaskon da ake soya ƙwan, domin shi ne dai kaskon naman. Matar da ke girkin, wata 'yar Gabashin Turai mai jan hannu, ta kalle ni ta kalli hula ta, ba ta ce komai ba ta ɗauko tukunya ta dafa mani ƙwai biyu. Haka ta yi mani kullum har na tafi. Ni kuma, Allah ya yafe mani, kullum sai na naɗe biredi biyu a takarda na sa a aljihu, shi ne abincin rana. Da na so na taho da kilishi, Auta ya hana ni, domin doka ta hana matafiyi daga ƙasashen mu shiga Ingila da nama ko madara. Yaji da dabino kawai na tsira da su.

Ranar na yi yawo da ƙafa, tunda kallo kyauta ne. Na je dandalin Trafalgar neman tantabarun Mugambo, na tarar tun 2003 aka hana ba su abinci a wurin, 'yan tsirari ne su ka rage su na yawo kamar marayu. Na bi ta titin Strand na tsaya a gaban Bush House, inda Sashen Hausa na BBC ya yi shekaru ya na magana da iyayen mu kafin su tashi a 2012. Na tuna mahaifin mu da rediyon sa a kan tabarma. Amma duk inda na tsaya, saƙon nan ya na tsaye tare da ni. Hoto ko ɗaya ban ɗora ba.

A daren na biyu, wajen ƙarfe uku, wata ƙara ta tashe ni kamar za ta fasa kunne. Ƙararrawar gobara ce. Na fito da jallabiya da silifas, fasfo a hannu, mu ka yi cirko-cirko a bakin titi cikin sanyin da ya sa haƙora na kaɗawa. Ashe wani ne ya sha sigari a ɗaki. Kafin a tabbatar ba wuta, mun yi kusan minti ashirin a waje, a nan na ga waɗanda mu ke kwana gida ɗaya da su. Ga 'yan mata ɗalibai masu jakar goyo su na ta dariya. Ga wasu tsofaffin Indiyawa, mata da miji, sun lulluɓa da bargo ɗaya, ba waƙa ba rawa. Ga magina biyu da takalman aiki a hannu. Ga wani Balarabe da matar sa, ya rungume yaro a ƙirji, daga baya na ji asibitin yara na Great Ormond Street su ke kai shi, sun fi wata guda a ɗaki irin nawa. Babu ko ɗaya a cikin mu da ya yi kama da wanda za a sa a fim.

Da mu ka koma ciki ne mai gadin kanta na dare, wani dattijo baƙi mai furfura, ya ji ina salati ina cewa "wannan wace irin masifa ce". Sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, sannu. Daga ina?" Na kusa faɗuwa. Mutumin Zangon Kumasi ne, Hausar sa irin ta Gana, ya daɗe a Landan. Barci ya riga ya gudu, sai na zauna, ya haɗa mana shayi.

Baba ne ya buɗe mani cikin sana'ar. Ya ce gidajen nan asali na iyali ɗaya ne, masu gida a sama, kicin da barori a ƙasa, wato ni a ɗakin barori na sauka. Aka zo aka yayyanka kowane ɗaki gida biyu ko uku, aka cusa banɗaki a lungu. Hoton intanet kuma da kyamara mai faɗin ido ake ɗauka daga saman kusurwa, sai akurki ya koma falo. Ku da ku ka san harkar fim ai ba sai an gaya maku ba. Farashi ma ba tsayayye ba ne, kwamfuta ke hawa da sauka da shi. Ɗakin da na kama fam 68, in ana babban wasa ko ranar Asabar ce, zai iya ninkawa. Famfo biyu kuwa, ya ce a tsofaffin gidaje ruwan zafi daga tanki ya ke zuwa a saman rufi, ba a yarda da shi don sha ba, shi ya sa aka raba shi da na sanyi. Ya ce wanda ya san gari, kafin ya biya sai ya tambayi abu uku: a wane hawa ɗakin ya ke, akwai lif, kuma banɗakin nasa ne shi kaɗai ko na tarayya. Sannan ya buɗe wata kwaba ya miƙo mani 'yar butar roba, irin ta ban ruwan fulawa. Ya ce, "Riƙe, in za ka tafi ka maido. Ba kai ne na farko ba."

Ban san dalili ba, sai na tsinci kai na ina ba shi labarin hoton da saƙon amini na. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗan Kano, ka san mutum nawa ke fita daga ƙofar nan su tsallaka titi su yi hoto a can? Har da masu kwat. Kai dai naka ya haɗa da kuɗin mutane, shi ne matsalar."

Na sauka ɗaki na jira. Kano ta na gaban Landan da awa ɗaya a lokacin sanyi, don haka ƙarfe biyar na yi na san ya dawo daga masallaci. Na kira shi ta bidiyo. Ya ɗauka fuska ba walwala. Na ce, "Mutumina, kar ka ce komai, zo ka ga masaukin." Na juya kyamara. Ga gado, ga akwati a kan gado, ga robar da na mayar buta, ga biredin jiya a takarda. Zagayen duka bai ɗauki daƙiƙa goma ba. Na ɗaga wayar sama wajen taga, Allah da ikon sa sai ga wani ya wuce da kare.

Ya yi shiru. Can ya ce, "Tsaya, wancan ƙafar mutum ce a saman ka?"

Na ce ita ce.

"Kai yanzu a rami ka ke?"

Na ce a rami na ke, kuma ramin ma fam 68 ne.

Dariyar da ya yi har sai da matar sa ta leƙo. Da ya nutsu ya ce, "Amma ka ɓata mani rai, wallahi. Kwana biyu ina jin kamar ka mayar da ni wawa." Na ba shi haƙuri. Ya ce ya haƙura, amma da sharaɗin zan ɗora ramin a sitatus kamar yadda na ɗora fadar. Na ɗora. Masu son turare da agogo su ka yi tsit, mutum biyu ne kawai su ka ce Allah ya dawo da ni lafiya.

Ranar biki Auta ya sha kyau cikin alkyabbar su da hula mai tunku. Na kira Hajiya ta bidiyo ta ga an kira sunan sa, ta yi kuka, ni ma na share nawa a ɓoye. Da yamma na ce ya zo mu je ya ga inda na ke. Mu ka gangara, na buɗe ƙofa ta daki gado, ina jiran ya yi mani tsiya. Sai na ga ya leƙa banɗaki ya daɗe. Ya juyo ya ce, "Yaya, wannan kai kaɗai ke shiga?" Na ce eh mana. Ya ce su shida ke layi a nasu, kuma ɗakin sa bai fi wannan ba, hita ma sai dare mai gida ke kunnawa. Shekara guda da 'yan watanni yaron nan ya na turo mana hotuna a bakin kogin Thames da gaban Big Ben, bai taɓa turo na ɗakin sa ba, mu ma ba wanda ya taɓa tambaya. Ya zauna a bakin gado, na zauna a kan akwati, mu ka dafa indomi a butar lantarki mu ka barbaɗa yajin Hajiya, mu ka ci da cokalin shayi.

Ranar tafiya na mayar wa Baba butar sa, na bar masa sauran dabino. Kuɗin amini na kuwa sai tsakiyar Afrilu na gama biya, bayan na sayar da babur ɗi na, shi kuma ya lallashi mai shagon sa ya ƙara masa wata guda. Har yau in mu ka haɗu a majalisa "Alhaji na rami" ya ke kira na.

Gwaggo ce dai ba ta ga sitatus na biyu ba. Ta sa an wanke mata hoton farko a sitidiyo, ya na nan a jikin bangon ɗakin ta kusa da kalanda. Ran sallar da ta wuce na je gaishe ta, na tarar ta na nuna wa wata baƙuwa tagar da ta ce ita ce ta ɗaki na, can sama kusa da agogo.